Kuɗi na shigowa ƙaramar hukuma duk wata, me ya hana a gyara kwalbatin garinmu?

"Assalamu alaikum, Baba Ma'aji. Ni ne sakataren ƙungiyar ci gaban garinmu, wani ƙaramin gari a shiyyar Zariya. Damina uku ke nan da kwalbatin hanyar kasuwarmu ya karye. Ranar kasuwa motocin masara da tumatir sai sun yi dogon zagaye, mace mai naƙuda kuwa a kan babur ake tsallakar da ita. Kansilanmu ya ce ya kai maganar majalisa har an sa a kasafi. Ciyaman ya ce babu kuɗi. Mu kuma muna ji a rediyo ana raba biliyoyin nairori a Abuja duk wata, har an ce Kotun Ƙoli ta yanke a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye. Wa ke faɗa mana gaskiya? Kuma mu talakawa me za mu iya yi?"

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya yi wa ƙungiyarku albarka, ya tsare masu bin wannan hanya. Na karanta saƙonka sau biyu, domin irin wannan koke na sha karɓarsa a teburina. Na fara aiki ina akawu mai rubuta bauca, na daɗe a sashen kasafi, na yi ritaya ina ma'ajin ƙaramar hukuma. In na fahimce ka, abin da ya ɗaure maka kai shi ne yadda aiki zai kasance a cikin kasafi amma a ce babu kuɗin yin sa, alhali kuɗi ba su daina shigowa ba.

Abin da zan fara gaya maka ba shi da daɗin ji. Yana yiwuwa kansila da ciyaman duka gaskiya suka faɗa muku, kuma duk da haka an tauye muku haƙƙi. Kasafi izini ne majalisa ta ba ciyaman ya kashe har adadi kaza a kan aiki kaza idan kuɗi suka samu. Babu wata jaka da aka ajiye a gefe da sunan garinku. Daga ranar da aka rubuta kwalbati a takarda zuwa ranar da za a kwaɓa siminti akwai ƙofofi da yawa, kowace ƙofa kuma akwai mai tsaye da tasa buƙatar. Bari mu bi sawun kuɗin tun daga Abuja.

Inda kuɗin ke fitowa

Kowane wata kwamitin rabon arzikin ƙasa, wanda ake kira FAAC, yana zama ya raba abin da ya taru daga man fetur da kwastam da harajin kamfanoni. Bayan an cire kashi 13 na jihohi masu arzikin mai, gwamnatin tarayya na ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 36 su raba kashi 26.72, ƙananan hukumomi 774 kuma su raba kashi 20.60. Harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan abin da mutum ya saya, tsarinsa daban ne, a can ƙananan hukumomi na da kashi 35. Wannan babban adadi da kuke ji a rediyo na ƙasa ne baki ɗaya. In an zo kan kowace ƙaramar hukuma, kashi 40 ana raba shi daidai wa daida, kashi 30 bisa yawan jama'a, sauran kuma goma-goma ne: faɗin ƙasa, ci gaban zamantakewa kamar yawan 'yan makaranta, da ƙoƙarin tara kuɗin shiga na cikin gida. Shi ya sa a cikin ƙananan hukumomi 23 na jiharmu ta Kaduna, rabon Igabi ko Chikun ba zai zo ɗaya da na Kudan ko Jaba ba.

Wannan adadi ba sirri ba ne. Ofishin Akanta Janar na Tarayya da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa suna wallafa abin da aka ware wa kowace ƙaramar hukuma wata-wata, kuma duk mai waya da intanet zai iya dubawa. Gaskiya ne tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 aka kuma saki naira, adadin ya ƙaru sosai. Sai dai siminti da rodi da man dizal su ma sun tashi, mafi ƙarancin albashi a jihar nan kuma ya tashi daga naira 30,000 zuwa 72,000.

Hanya ta biyu ita ce kuɗin shiga na cikin gida: kuɗin rumfa a kasuwa, tasha, kwata, shaguna da makamantansu. A Kaduna tun dokar haraji ta 2016 hukumar KADIRS ce aka ɗora wa tattara haraji a faɗin jiha, aka kuma hana karɓar kuɗi a hannu. A ƙaramar hukumar karkara wannan kuɗi bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da na Abuja. A zamanin En'e ba haka abin yake ba. Haraji da jangali su ke cika baitulmali, kuma magidancin da ya sayar da akuya ya biya haraji yana da bakin tambayar dagaci ina rijiya. Marigayi Balarabe Musa ya soke su da ya zama gwamnan Kaduna a 1979, kuma ya yi daidai, domin an ci zalin talaka ƙwarai wajen karɓarsu. Amma tun da kuɗi suka koma saukowa daga sama, mutanenmu suka fara kallon aikin ƙaramar hukuma kamar kyauta ce daga ciyaman. Ba kyauta ba ce, ɗana. Duk lokacin da ka sayi katin waya ka biya VAT.

Abin da ake yankewa kafin ya iso sakateriya

Sashe na 162 na tsarin mulkin 1999 ya tanadi asusun haɗin gwiwa na jiha da ƙananan hukumomi. A shekarun da na yi ina aiki, nan ne kuɗi ke fara sauka. Sai a kira taron wata-wata, ciyamomi da ma'ajai mu hallara a Kaduna, a miƙa wa kowa takardarsa. A saman takardar za ka ga adadi mai faranta rai. Kana gangarawa ƙasa kana ganin ana yanka: albashin malaman firamare da ke bi ta SUBEB, hukumar ilimin bai-ɗaya ta jiha, albashin ma'aikatan lafiya a matakin farko, fansho, kason masarautu, kuɗin horar da ma'aikata, gudunmawar tsaro, sai abin da ake kira ayyukan haɗin gwiwa. Abin da ya rage a layin ƙarshe shi ne za ka koma da shi gida.

Ba duk wannan yanka ne zalunci ba. An fara cire albashin malamai tun daga tushe ne saboda an taɓa yin zamanin da ƙananan hukumomi ke barin malami ya yi wata da watanni babu ko sisi. Kuma malamin da ke koyar da 'ya'yanku da ungozomar da ke asibitin garinku, su ma aikin ƙaramar hukuma ne, ko da yake mutane ba sa lissafa su don ba a yanke musu ƙyalle da almakashi. A inda na yi aiki, albashin malamai shi ne layi mafi nauyi a takardar, babu mai kama ƙafarsa. Wannan nauyi na albashi shi ne hujjar da gwamnatin Malam Nasiru El-Rufa'i ta kafa a 2017 da ta rage hakimai daga 390 zuwa 77, da kuma a 2021 da aka sallami dubban ma'aikatan ƙananan hukumomi har ƙungiyar ƙwadago ta shiga yajin aiki. Na san gidajen da wannan sallama ta girgiza, kuma har yau ina ganin an iya yin abin da tausayi fiye da yadda aka yi. Amma cewa albashi yana cinye kuɗin ayyuka, wannan na gani da idona a littafi.

Layin da ya fi damuna shi ne ayyukan haɗin gwiwa. Aiki ne da ake zaɓa a babban birni, a ba da kwangilarsa a can, sannan a cire kuɗin daga rabonka. Wani lokaci aikin na da amfani. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma wanda ke zaune a ofis a Kaduna bai san kwalbatin kasuwarku ya fi muku sabon ginin sakateriya muhimmanci ba.

In an dawo gida da ragowar, sai a biya ma'aikatan sakateriya da alawus na masu muƙaman siyasa. Daga nan kuma layi ya kafu a ƙofar ciyaman. 'Yan sintiri na neman mai, an kai hari wani ƙauye ana buƙatar kai ɗauki, ga gobarar kasuwa, ga azumi, ga Sallah, ga Kirsimeti, ga baƙi daga jiha, ga ɗan kwangilar da ke bin bashi tun zamanin ciyaman na baya. Akwai watan da bayan duk wannan abin da ya rage mini a asusu bai isa kwalbati biyu ba, mazaɓu kuwa sun haura goma.

Kada ka ɗauka ina wanke kowa ne. Ana ci, kuma na san hanyoyin. Akwai taron bita da ba a yi ba amma an cike takardunsa. Akwai hanyar burji da ake biyan kuɗin bin ta da gireda kowace shekara, domin ruwan farko zai goge shaida. Akwai tsattsaga kwangila ɗaya gida-gida don kada ta kai adadin da doka ta ce sai an tallata. Irin wannan ne ya sa a 2019 NFIU, hukumar tarayya mai bin sawun hada-hadar kuɗi, ta kafa ƙa'idar cewa kada a ciri tsabar kuɗi fiye da naira 500,000 a rana daga asusun ƙaramar hukuma. Ban ga littafin ƙaramar hukumarku ba, don haka ba zan ɗora wa ciyamanku laifin da ban shaida ba. Abin da zan iya shi ne in nuna maka takardun da za su bambance maka "babu kuɗi" na gaskiya da "babu kuɗi" na kora.

Hukuncin Kotun Ƙoli

Abin da ka ji gaskiya ne. Ranar 11 ga Yulin 2024, a ƙarar da Antoni Janar na Tarayya Lateef Fagbemi ya shigar a kan jihohi 36, Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi rabonsu kai tsaye, kuma gwamna ba shi da hurumin rushe zaɓaɓɓun shugabanni ya naɗa kantomomi. Mai shari'a Emmanuel Agim ne ya karanta hukuncin. Bayan haka aiwatarwa ta yi ta jan ƙafa a kan maganar buɗe asusu a Babban Banki da sharuɗɗan da aka gindaya.

Na yi murna da hukuncin, amma ba zan yaudare ka ba. Ko kuɗi sun faɗa asusun ƙaramar hukuma kai tsaye, malami zai karɓi albashinsa, ɗan fansho zai karɓi nasa. Kuma ciyaman da ya san ta hannun wa ya samu tikiti zai iya mayar da kuɗin da hannunsa ba tare da an yanke masa ba. Amfanin hukuncin a wurinku shi ne ya rage wurin ɓuya. Da in ka tambayi ciyaman sai ya nuna Kaduna da yatsa. In kuɗi na shigowa asusunsa, shi zai amsa.

Yadda aiki ke shiga kasafi, da yadda yake mutuwa a ciki

A nan nake so ka natsu, domin a nan matsalarku take. Ana fara haɗa kasafin shekara mai zuwa tun ƙarshen damina. Takardar umarni kan zo daga jiha, kowane sashe ya kawo buƙatunsa: ayyuka, lafiya, ilimi, noma, mulki, kuɗi. Sashen kasafi ya haɗa, a tace, ciyaman ya gabatar wa majalisar kansiloli, su amince, ya sa hannu. Kasafin kashi biyu ne, na ayyukan yau da kullum da na manyan ayyuka. Kwalbatinku na cikin na biyu, kuma na biyun shi ake fara dannewa duk lokacin da kuɗi suka gaza, don kwalbati ba ya yajin aiki.

Hanya mafi yawa da aiki ke mutuwa ita ce a rubuta shi a dunƙule. Za ka ga layi ɗaya ya ce "gina kwalbatoci a mazaɓu daban-daban", a gabansa adadi mai kauri. Kowane kansila sai ya koma gida ya ce an sa namu a kasafi, kuma bai yi ƙarya ba. Amma tun da ba a ambaci sunan gari ba, ciyaman ne zai zaɓi inda za a yi, kuma in ya yi uku a mazaɓun da ya ga dama, a takarda ya cika alkawari. Ni kaina na rubuta irin waɗannan layuka bisa umarni, na kuma ga abin da suka jawo wa ƙauyukan da ba su da kowa a sama. Ina kyautata zaton naku ma haka aka yi masa.

Akwai kuma kumbura hasashen kuɗin shiga. Don a faranta wa kowa, sai a rubuta cewa za a samu kuɗin da kowa a ɗakin ya san ba za a samu ba, a jera ayyuka daidai da wannan hasashe. Shekara na ƙarewa rabinsu ba a taɓa ba, sai a kwafe su zuwa kasafi na gaba. Damina uku da ka ambata ta sa na tuna wannan. Wani lokaci kuma ana sa sunan aikin amma da kuɗin da ko rami ba za su haƙa ba. Wani lokaci a tsakiyar shekara a karkatar da kuɗin zuwa wani layi. Sai kuma matsalar lokaci: kwalbati aikin rani ne. In ba a saki kuɗi tsakanin Nuwamba da Maris ba, ruwa na sauka injiniya zai ce a jira, kuma gaskiyarsa.

Akwai wata tambaya da ya kamata ku fara warwarewa tun kafin duk wannan: hanyar ta wace ce? Akwai ta tarayya, akwai ta jiha, akwai ta ƙaramar hukuma. Jadawali na huɗu na tsarin mulki ya ɗora wa ƙaramar hukuma kasuwanni, tashoshin mota, kwata, maƙabartu, kwashe shara, magudanan ruwa da ƙananan hanyoyi, sannan ta sa hannu a ilimin firamare da lafiya da noma. In hanyar kasuwarku ta jiha ce, ƙofar da za ku ƙwanƙwasa ita ce ma'aikatar ayyuka da hukumar kula da hanyoyi ta KADRA, ta hannun ɗan majalisarku na jiha. Na taɓa ganin mutanen wani gari sun yi shekara biyu suna fushi da mu a kan gadar da ba mu da hurumin taɓawa. Shugaban sashen ayyuka zai gaya muku wannan cikin minti biyar.

Kansila fa?

Mutane na ɗora wa kansila abin da ba nasa ba, suna kuma yafe masa abin da yake nasa. Kansila ba ya ba da kwangila, ba ya sa hannu a cek. Aikinsa ya zauna a majalisa ya amince da kasafi ko ya ƙi, ya yi dokokin ƙaramar hukuma, ya bi diddigin yadda aka kashe. Majalisar na da ikon kiran ma'aji ko shugaban sashen ayyuka ya zo ya yi bayani. Tana da ikon cewa ba za ta amince da layi a dunƙule ba sai an rubuta sunan kowane gari. A duk shekarun da na yi, sau ƙalilan na ga an yi amfani da wannan iko, kuma yawanci a kan alawus ɗin kansiloli ne, ba a kan kwalbati ba. Na sha ganin kasafi mai shafi sama da ɗari ya wuce a zama ɗaya.

Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Haƙƙoƙin kansila ta ofishin ciyaman suke bi. Kuma a zaɓen Oktoban 2024 jam'iyya ɗaya ce aka bayyana ta lashe kujerun ciyaman 23 da na kansiloli 255 gaba ɗaya. Wannan ba a Kaduna kaɗai ba ne, haka ake yi a yawancin jihohi ko wace jam'iyya ke mulki, kuma ina ganin babbar illa ce. Majalisar da babu mai cewa a'a a cikinta ba za ta tsare kuɗin talaka ba. Jiharmu ce ta fara zaɓen ƙananan hukumomi da na'ura a Najeriya a 2018, kuma a lokacin 'yan adawa sun ci wasu kujeru. Duk da haka kada ku mayar da kansilanku abokin gaba. Ɗan garinku ne, kuma shi kaɗai ne a cikinku yake da kujera a ɗakin da ake yanke magana. Ku ba shi abin da zai riƙe a hannu ya shiga da shi.

Abin da za ku yi

Ku daina tambayar "ina kuɗinmu". Tambaya ce mai faɗi, amsarta ma mai faɗi za ta zo. Ku je wurin kansila cikin girmamawa ku ce ya nuna muku shafin kasafin da majalisa ta amince da shi. Abu uku za ku duba: an rubuta sunan garinku, mece ce lambar layin, nawa aka ware. Ku ɗauki hoton shafin. In ya kasa kawowa, ku rubuta wa sakataren ƙaramar hukuma. Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan jihohi ma. Duk takardar da za ku kai, ku yi kwafi biyu, a buga muku hatimi da kwanan wata a kan naku. Koken baki yana ƙarewa ne a inda aka yi shi, amma takarda mai hatimi tana shiga fayil, kuma ma'aikaci na tsoron fayil don odita na karanta shi.

In kun tarar layin a dunƙule yake, to aikinku na bana shi ne ku sa a fitar da sunan garinku a kasafi mai zuwa, kuma lokacinsa kafin a kammala daftari ne, ba bayan an sa hannu ba. Jihar Kaduna na da tsarin da al'umma ke zama ta rubuta buƙatunta bisa fifiko a miƙa wa masu haɗa kasafi, wanda aka fi sani da CDC, kuma ana yin taron jin ra'ayin jama'a kan kasafi. Ku nemi jami'in ci gaban al'umma na ƙaramar hukumarku ku tambaye shi ranar. Shawarata a nan, kuma ita ce mafi wuyar bi: ku kai buƙata ɗaya. Na san kuna buƙatar rijiyar burtsatse da taransifoma da rufin aji. Amma garin da ya kawo buƙata goma sha biyu ya ba ciyaman damar ya zaɓi mafi arha ya ce ya yi muku aiki. Ku zauna da dagaci da masu unguwanni da limamai, da fasto in akwai coci, da sarkin kasuwa da shugaban direbobi da shugabar mata, kowa ya sa hannu a kan kwalbati kaɗai. Ku rubuta motoci nawa ke shiga ranar kasuwa, ku haɗa da rasit na kuɗin da ake karɓa a kasuwar. Ciyaman zai fi saurin jin maganar da ta nuna masa kuɗin shiga na zubewa.

Sannan ku roƙi sashen ayyuka su turo injiniya ya auna ya fitar da ƙiyasin kayan aiki. Aikin da ke da awo da ƙiyasi a fayil ya riga saura, domin ranar da kuɗi suka ɗan samu ma'aji zai tambaya wane aiki ne takardunsa suka kammala. Injiniyan ne kuma zai faɗa muku ko kwalbati na zobe zai ɗauki ruwan wurin ko sai an yi na akwati. Kada ku yi gayya ku zuba da kanku ba tare da shi ba. Na ga inda aka yi haka da kyakkyawar niyya, ruwan Agusta ya tafi da shi cikin dare ɗaya.

Gayya na da wurinta. Akwai wani ƙauye da wani tsohon hedimasta ke jagoranta. Duk farkon wata, kwana biyu bayan mun dawo daga taron rabo, zan same shi zaune a benci a ƙofar ofishina da fayil a hammata. Bai taɓa ɗaga murya ba. Gaisuwa zai yi, ya buɗe shafin, ya ce Ma'aji, layinmu na nan. Da ya ga wata biyar babu labari, sai ya zo da tayin da ya yi wuyar ƙi: ƙauye zai kawo yashi da tsakuwa da leburori, ƙaramar hukuma ta kawo siminti da rodi da injiniya, a yi aikin kai tsaye ba ɗan kwangila. Kuɗin ya sauko har ya shiga cikin abin da ciyaman zai iya amincewa da shi a wata guda. Kafin ruwan farko an gama. Ban manta da shi ba, domin a shekarar akwai ƙauyukan da suka fi nasa buƙata, kuma babu wanda ya zo.

In an ce muku an saki kuɗi amma ba ku ga aiki ba, magana ta canza. Ku nemi rahoton aiwatar da kasafi, wanda ke nuna abin da aka ware da abin da aka kashe a kowane layi. In ya nuna an kashe, ku ɗauki hoton wurin ku rubuta wa Odita Janar na ƙananan hukumomi, ku ba kwamitin asusun jama'a na majalisar dokokin jiha kwafi. Shirye-shiryen rediyo na kiran waya ma suna tasiri, amma ku shiga da lamba da adadi, ban da zagi. Wanda ya zagi ciyaman a iska ya ba shi hanyar mayar da maganar siyasa. Kuma kada ku ba kowa na goro don a tura fayil. In kun fara, kun zama abokan ciniki, ba masu haƙƙi ba.

Ba zan ce maka duk wanda ya bi waɗannan matakai zai ga siminti ba. Akwai shekarar da tsaro zai lashe komai, akwai ciyaman da ba ya jin kira. Shi ya sa yana da kyau ku kai kwafin takardarku ga ɗan majalisarku na jiha da na wakilai, su ma suna da ayyukan mazaɓa. Kafin nan kuma, tun da rai ne a gaba, ku zauna da shugaban direbobi da kwamitin asibitin mazaɓarku a tsayar da mota ɗaya a ɗaya gefen kwalbatin, da lambar direban a hannun ungozoma, saboda masu naƙuda da daddare.

In ka samo hoton shafin, turo mini lambar layin da adadin da aka rubuta, da abin da Abuja ta ware wa ƙaramar hukumarku a watanni ukun da suka wuce. Zan duba in gaya maka wace ƙofa ce fayil ɗinku ya maƙale. Ka gaida dagaci da sauran 'yan ƙungiya.